Wai iskokin bori daga Indiya suka taso?

Wata mai sauraron shirinmu na rediyo, ƴar kasuwa mai saida turare a babbar kasuwar Maraɗi, ta tare mu ranar Litinin da wata tambaya. Ta ce: "Ku mutanen rediyo da kuka yi lakwal, wai gaskiya ne iskokin bori daga Indiya suka taso?" Muka tambaye ta inda ta ji haka. Ta ce wani mutum ne ya faɗa mata, har ya ba ta hoto. Za mu dawo kan mutumin da hotonsa, amma bari mu fara da tambayar, don ba ita kaɗai ke yin ta ba.

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya san inda zancen ya samo tushe. Tun zamanin silima har zuwa kaset da tauraron ɗan Adam, mun sha ganin mace ta rikiɗe maciji, kamar cikin fim ɗin Nagina na 1986, mun ga ana kiɗa gaban gunki har wata ta faɗi tana karkarwa. Sai ka ji tsohuwa daga bayan ɗaki ta ce: "Ai wannan borinsu ne." To, kamar dai akwai ta, ba mu musu. Amma masu magana sun ce kama da wane ba ta wane.

Mu fara da namu na gida. Lokacin da sarakunan Katsina suka zauna Maraɗi a farkon ƙarni na 19, bayan jihadi, sun tarar da Anna cikin kwarin Gulbi, a garuruwa irin su Jiratawa, kowane gida da tsafinsa na gado. Ana yi wa Kure da Doguwa da Uwar Gona yanka, kowane iska da launin dabbar da yake so. Fada ma ta ba abin matsayi: a Maraɗi Iya ce shugabar ƴan bori, a Tsibirin Gobir kuwa, wanda Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa wajen 1836, Inna ce, kuma ƴar gidan sarauta ake naɗawa. In an taɓa goge da ƙwarya, iska ya hau dokinsa ko goɗiyarsa, ya yi magana da bakin mutum. Wani Bafaranshe mai bincike, Guy Nicolas, ya daɗe cikin wannan kwari yana nazari, ya fitar da babban littafi a kai a 1975.

A ƙauyukan Indiya ma akwai irin wannan hawa. A jahar Kerala suna da wani biki da suke kira Teyyam, inda mutum zai yi ado, a yi masa kiɗa, su ce abin bautarsu ya sauka a jikinsa, jama'a su zo su kai kukansu. Suna kuma da wata da suke kira Shitala, wadda suke danganta wa cutar agana, suna zana ta bisa jaki da tsintsiya da tulun ruwa. Mu ma kakanninmu sun jingina wa iskoki wannan cuta kafin rigakafi ya kawar da ita daga duniya a 1980. A ganinmu wannan ba ya nuna wani ya ara daga wani. Manomi ne a can, manomi ne a nan, duka suna tsoron fari da annoba da rashin haihuwa.

Bambancin kuwa ya fi kamar yawa. Addinin Hindu yana da littattafai, mafi tsufa su ne Beda, da harshen Sanskirit, sun haura shekara 3000. Mabiyansa sun yi imani mutum yana mutuwa ya sake dawowa duniya cikin wani jiki gwargwadon aikinsa, mafi yawansu ƙona gawa suke yi, kuma ba su yanka saniya. Anna ba su da littafi, bizne mamaci suke, naman shanu kuma ba su ƙi shi ba. Kirarin Sarkin Rafi da na Ɗan Galadima da Hausa ake yin su, kuma ko sunayen kaɗai sun isa shaida: fadar Hausa ce aka kwatanta, da sarkinta da malaminta da bayinta.

Abin da ya haɗa mu da Indiya na gaskiya, ku ƴan kasuwa kun fi kowa kusa da shi, don haja ce. Ku ɗauki wuri, wanda ƴan bori ke ɗinkawa jikin kayansu, masu duba kuma ke watsawa bisa faifai. Ba a Gulbi ake samun sa ba. Daga tsibiran Maldib yake, kudu da Indiya, kuma matafiyin nan Ibn Batuta ya gan shi a can, ya kuma gan shi ana ciniki da shi a Gao cikin ƙarni na 14. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, kuma wuri 20.000 shi ne keso guda a lissafin kakanninmu. Abin sha'awa, masu duba a Kerala su ma da wuri suke lissafinsu.

Sai tsakiya, dutsen adon nan ja da iyayenmu mata ke ratayawa. Garin Kambat na jahar Gujarat ya yi ƙarnuka yana fere irin wannan dutse, alhazai da fatake suna kawo shi ta Makka da Masar, kafin Jamusawan Idar-Oberstein su shiga cinikin a ƙarni na 19. Kusa da inda ake haƙo dutsen, a Ratanpur, akwai kabarin wani waliyyi baƙar fata, Baba Gor, wanda ake cewa daga Afirka ya je. Masu kula da wurin su ne Sidi, jikokin ƴan Afirka da suka zauna Indiya. Suna da kiɗansu mai suna goma, kuma Musulmi da ƴan Hindu duka suna kai masu taɓin iska can neman sauƙi. Kun ga ke nan in ma akwai abin da ya ƙetare teku, wani daga wajenmu ya tafi.

Haja ta uku ita ce hoto, kuma ita ta fi ruɗa mutane. Hoton nan na mace mai gashi buzu-buzu riƙe da macizai, wanda mutanen bakin teku ke kira Mami Wata, a Hambug ta Jamus aka fara buga shi wajen 1880, sannan wani kamfanin kalanda na Bombay ya sake buga shi a 1955, ƴan kasuwa suka baza shi Afirka ta Yamma. A Togo da Benin masu bodu sun ɗauki hotunan gumakan Hindu sun rataya a ɗakunan tsafinsu, sun sa musu sunayen iskokinsu na gida. A Gana har an kafa gidan ibadar Hindu na baƙar fata a Akara a 1975. Wannan duk labarin bakin teku ne na shekarun baya-bayan nan. Anna sun riga shi da nisa.

Yanzu mu koma kan mai turare. Mutumin ya ce mata shi yana aiki da "ruhaniyar Indiya", wadda ita ce uwar Doguwa, kuma in ta saka kuɗi cikin ƙwarya ta rufe da farin ƙyalle kwana bakwai, jarinta zai ninka. Ya ba ta zobe da hoto, ta ba shi jika 150, kuɗin adashin da ta ɗauka don sarin kayan salla. Ya ce zai kai su daji a yi musu aiki. Yau wata biyu lambarsa ba ta shiga. Ba ta gaya wa maigidanta ba, kuma ba ta je wurin ƴan sanda ba don kunya. Mun roƙe ta ta je, tun da damfara laifi ce da doka ta sani, kuma tun da muka taɓo zancen a rediyo mata uku suka kira suka ce an yi musu irin haka.

Da ta kwance bakin zane ta miƙo mana hoton, sai muka ga mace zaune bisa fure, da hannu huɗu, tsabar kuɗi na zuba daga tafinta. Lakshimi ce, wadda ƴan Hindu ke roƙo don arziki. Muka juya bayan takardar, sai ga sauran rubutun kamfani. An yanko ta ne daga kwalin turaren tsinke, irin wanda ke jere bisa teburinta, wanda ita da kanta take saidawa dala 20.