Minti uku na farko bayan an kawo wuta

Duk wanda ya zauna a Unguwar Dosa ya san ihun da yara kan ɓarke da shi idan an kawo wuta da daddare. Kafin ihun ya lafa an kunna talabijin da dikoda, sifikoki sun fara rugugi. A ganina babu lokacin da ya fi wannan haɗari ga kayan kallo da sauraro na gida, kuma da hannunmu muke kashe garkuwar da aka tanada don kare su.

Ma'aunin wutar gidaje a Nijeriya bolt 230 ne, amma wanda ya saba duban allon sitabilaiza ya san ba kullum ake samun hakan ba. Da magariba, lokacin da kowane gida ya ɗora nauyinsa a kan taransifoma guda, wutar kan yi ƙasa har fanka ta riƙa juyawa kamar mai jin barci. Idan kuma an ɗauke aka dawo da ita, takan yi ta rawa kafin ta daidaita, wani lokaci ta sake ɗaukewa cikin ƙiftawar ido. Mun ga irin wannan bayan duhun da ya lulluɓe Arewa fiye da mako guda a watan Oktoba 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Mando ke kwance saboda ɓarnar da aka yi masa, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya katse.

A gaban yawancin sitabilaizar da ake sayarwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi akwai wani ɗan maɓalli na jinkiri. Idan an danna shi, na'urar kan riƙe wutar kimanin minti 3 kafin ta sake ta. Idan an cire, daƙiƙa kaɗan ne kawai. Asali saboda firiji aka yi dogon jinkirin, domin injinsa ba ya son a tashe shi nan take bayan ya tsaya, amma talabijin ma na cin moriyarsa, tunda rawar farko takan wuce kafin wuta ta isa gare ta. Ni kaina na cire shi saboda ƙorafin yara a daren wani wasan ƙwallo, na manta ban mayar ba. Bayan mako biyu amfilifayata ta yi ƙauri, kuma kuɗin gyaranta ya haura kuɗin sitabilaizar.

Sai batun girma. Lambar da ke jikin na'urar, 1000VA ko 2000VA, alkawari ne na lokacin da wuta ke da lafiya. Idan wutar da ke shigowa ta faɗi sosai, abin da za ta iya ɗauka kan ragu, har ya kusanci rabi. Don haka a tara wat ɗin da aka rubuta a bayan kowane kaya, a sayi wadda ta ninka jimillar, kuma kada a haɗa ta da dutsen guga ko abin dafa ruwa.

Wani abin da masu shago ba su cika faɗa ba shi ne, talabijin ta zamani sau da yawa ba ta buƙatar a ɗaga mata wuta. A duba bayanta: idan an rubuta 100 zuwa 240, za ta jure raunin wutar magariba da kanta. Amfilifaya mai nauyi, wadda aka rubuta wa 220 zuwa 240, ita ce ke shan wahala. Abin da ya fi yi wa talabijin barazana shi ne wuta ta yi yawa. Idan wayar nitural ta tsinke a taransifoma, ko ɓarayin tagulla suka yanke ta, wutar da ke shiga wasu gidaje na iya tashi ta doshi bolt 400. Maganin wannan shi ne ɗan akwatin kariya mai yanke wuta da zarar ta wuce iyaka, wanda farashinsa bai kai na sitabilaiza ba.

Tsawa kuwa ba ruwanta da sitabilaiza. Da damina takan biyo wayar tauraron ɗan'adam ta shiga dikoda, daga nan ta wuce talabijin ta wayar HDMI. Na'urar kare tartsatsi ba ta aiki yadda ya kamata sai gidan na da wayar da aka binne a ƙasa, kuma gidajen haya da dama ramin soket na uku ado ne kawai. Mai haya na da haƙƙin tambayar mai gida wannan kafin ya biya kuɗin shekara. Kafin a gyara, idan hadari ya haɗo daga gabas, a zare filogi daga bango, a kwance wayar dish daga bayan dikoda.