Larabcin Littafi da Larabcin Kasuwa: Darasi ga Ɗaliban Arewacin Zamfara

Karatun Larabci ya daɗe da kafuwa a arewacin Zamfara, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shafe kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804, kuma Fulani Alibawa na yankin Zurmi, dangin Namoda wanda garin Ƙauran Namoda ya ci sunansa, suna cikin waɗanda suka amsa kiransa. Har yau a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi yaro yakan fara da allo, ya sauke Alƙur'ani, ya koma zauren malami ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, sannan ya shiga nahawu ta ƙofar Ajurumiyya har ya kai Alfiyya ta Ibnu Malik. Sai dai da yawa daga waɗanda suka bi wannan tafarki sukan yi mamaki idan suka sauka Jidda ko Alƙahira, ganin cewa direban mota da mai shago suna magana da wani irin Larabci da kunnensu bai saba da shi ba.

Dalilin haka shi ne Larabci yana da fuska biyu da suke tafiya tare a kowace ƙasar Larabawa. Ta farko ita ce Fusaha, wato Larabcin Alƙur'ani da littattafai da huɗuba da labaran rediyo, wanda ake koyo a makaranta kuma ƙa'idojinsa ɗaya ne daga Maroko har Iraƙi. Ta biyu ita ce Ammiyya, wadda mutanen Magrib suke kira Darija, wato harshen da uwa take yi wa ɗanta magana da shi, wanda ake ciniki da raha da shi. Masanin harshe Ba'amurke Charles Ferguson ya yi fitaccen bayani a kan wannan yanayi a 1959, inda ya nuna cewa al'umma ɗaya takan raba wa nau'i biyu na harshenta aiki, kowanne da muhallinsa. Masana sukan kasa Ammiyya gida-gida: ta Masar, ta Sham, ta Iraƙi, ta Hijaz da ƙasashen Tekun Fasha, ta Magrib, da kuma ta Sudan da Cadi, wadda Larabcin Shuwa na Borno yake cikinta.

Bambancin yana farawa daga furuci, domin harafin ƙaf, wanda makaranci yake fitarwa daga can cikin baki, yakan koma hamza a Alƙahira da Dimashƙu, ya koma sautin "g" a Sudan da Hijaz, yayin da mutanen Alƙahira suke mayar da jim "g" su ce "gamal" ga raƙumi. A nahawu kuma, i'irabi, wato canjin wasalin ƙarshen kalma gwargwadon aikinta a jimla, wanda ɗalibi yake shafe shekaru yana tisawa, ya faɗi daga maganar yau da kullum. Amma inda tazarar ta fi fitowa fili shi ne a kalmomin da aka fi amfani da su. Tambayar "me kake so?" a Fusaha ita ce "maza turidu", amma Bamisre zai ce "ayiz eh", mutumin Sham ya ce "shu biddak", na Hijaz ya ce "esh tibga", Basudane ya ce "dayir shinu". Wani lokaci ma kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu, kamar "aish" da yake nufin burodi a Masar amma shinkafa a ƙasashen Tekun Fasha, ko "laban" da yake madara a Alƙahira amma kindirmo a Sham.

Mutumin Zurmi ko Shinkafi ya san ma'anar karin harshe, wato salon maganar wani yanki a cikin harshe ɗaya, tunda yana cewa "shina zuwa" da "hwaɗi" inda Bakano yake cewa "yana zuwa" da "faɗi", kuma duk da haka suna fahimtar juna ba tare da tafinta ba. Tazarar da take tsakanin kare-karen Larabci ta zarce wannan nesa ba kusa ba, musamman tsakanin gabas da yamma, domin Darijar Maroko da Aljeriya tana haɗiye wasula, ta kuma aro kalmomi masu yawa daga Berbanci da Faransanci, har mutumin Bagadaza yakan kasa bin hirar mutanen Kasabalanka. Karin Masar ne aka fi ganewa ko'ina, saboda finafinai da waƙoƙin Alƙahira da suka mamaye ƙasashen Larabawa tun cikin ƙarni na 20.

Hausawa sun daɗe da cuɗanya da waɗannan kare-kare ta hanyar aikin hajji da fatauci. Bayan yaƙin Burmi na 1903, mabiya Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya sun yi hijira gabas ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka kafa garin Mai Wurno a Sudan, inda jikokinsu suke jin Hausa da Larabcin Sudan a yau. A cikin gida kuma an kafa Ƙauyen Koyon Larabci a Ngala ta jihar Borno a 1992, domin ɗaliban jami'o'i su zauna inda ake jin harshen a bakin mutane. A wannan zamani alhazai da masu umara, da ɗaliban da suke tafiya Madina da Azhar, da 'yan kasuwar Dubai, da marasa lafiya masu neman magani a Masar, duk suna buƙatar abin da littafin nahawu bai koyar ba.

Kuskure ne a ɗauki Ammiyya a matsayin gurɓataccen Larabci, domin kowane kari yana da tsarinsa da ƙa'idojinsa, kamar yadda kuskure ne ɗalibi ya yi sakaci da Fusaha, wadda ita ce mabuɗin tafsiri da hadisi da fiƙihu da rubuce-rubucen Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo. Hanya mafi dacewa ita ce a ƙarfafa Fusaha tukuna, sannan a zaɓi kari ɗaya gwargwadon inda buƙata ta nufa, a koye shi ta yawan saurare da hira da waɗanda suka zauna a can. Ya kamata masu makarantun Islamiyya a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi su ware darasin magana a kowane mako, su gayyato ɗaliban da suka dawo daga ƙasashen Larabawa su jagorance shi, domin yaran da suke iya karanta Risala su iya tambayar hanya a Makka da yi wa likita bayanin ciwo a Alƙahira.