Farfaɗiya da Karatun Jami'a: Gaskiya da Jita-jita

Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 50 ne ke fama da shi a duniya. Kusan kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace. Duk da haka, ɗalibin da sakamakonsa ya lalace bayan ya fara shan magani yakan tsinci kansa cikin jita-jita kala-kala, wasu da ƙamshin gaskiya, wasu kuwa ƙarya tsagwaronta.

Wadda ta fi yawo ita ce maganin yana kashe ƙwaƙwalwa. Akwai tushen da maganar ta samo asali. Phenobarbital, wanda ya yaɗu saboda arha, yana kawo gyangyaɗi da nauyin tunani, har ɗalibi ya maimaita shafi ɗaya sau uku bai riƙe komai ba. Carbamazepine ma yakan sa jiri da barci, musamman a makonnin farko. Sai dai wannan kasala ce da kan ragu idan jiki ya saba, ko likita ya rage yawan maganin, ya mayar da mafi yawansa zuwa dare, ko ya sauya shi da wani. Abin da ya fi yi wa ƙwaƙwalwa illa shi ne faɗuwa akai-akai ba magani.

Daga wannan jita-jita ne shawarar ajiye magani har a gama jarrabawa ta fito, kuma ita ce mafi hatsari. Yanke shi lokaci guda na iya jawo farfaɗiyar da ke wuce minti biyar ba ta lafa ba, wadda ka iya kai wa ga rasa rai. Ga kuma kwana karatu da ɗalibai suka saba, alhali rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Tramadol da wasu ke haɗiya wai don kwana ido biyu shi kansa yana haddasa farfaɗiya. Batun cewa yawun mai ciwon na yaɗa shi kuwa ba shi da tushe ko kaɗan, illa dai yana sa abokan ɗaki su guje shi.

A ɓangaren makaranta, ba gaskiya ba ne cewa wanda ciwo ya hana zana jarrabawa ya kori kansa. Jami'o'in Najeriya suna ba da damar ɗage zangon karatu saboda rashin lafiya. Ana rubuta takarda ta hannun shugaban sashe, a haɗa da rahoton likita wanda asibitin jami'a ya tabbatar, sannan majalisar malaman jami'a ta amince. Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne jinkiri, domin kunya kan sa su ɓoye ciwon sai sakamako ya fito, lokacin da gyara ya yi wuya.

Abin da yake gaskiya shi ne kwas ɗin da aka faɗi yakan ci gaba da jan matsakaicin maki ƙasa ko bayan an sake cinye shi, kuma akwai iyakar shekarun zama, galibi shida ga karatun shekara huɗu. Amma lissafin bai kai munin da ake zato ba. Ɗalibin da ya tashi da 1.80 a shekarar farko, ya samu 4.00 a ta biyu da nauyin kwasa-kwasai iri ɗaya, matsakaicinsa zai koma 2.90. Shi ya sa masu ba ɗalibai shawara kan fi son a rage yawan kwasa-kwasai a zangon dawowa, a fara biyan waɗanda ake bin ɗalibin, kafin ya ɗauki cikakken nauyi a zango na gaba.