Idan Ƙugu Ya Riƙe Farat Ɗaya

Mutum ya sunkuya zai ɗaga buhun masara, ko ma butar alwala, sai ya ji kamar an soka masa wuƙa a ƙugu, miƙewa ta gagara. Kafin ya gama salati wani na kusa ya yanke hukunci: basir ne. Basir dai ya sha ɗaukar laifin da ba nasa ba, alhali kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, babu ruwansa da ƙashin baya.

Ƙasusuwa biyar ne a ƙasan gadon baya, su ke ɗauke da nauyin gangar jiki, kuma tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai taushin ciki, tamkar matashi. Galibi tsokar da ke kewaye da su ce ke gurɗewa, musamman idan aka ɗaga kaya ana murɗa jiki. Irin wannan yakan lafa cikin makonni shida, kuma ɗan motsi ya fi masa amfani a kan kwanciyar kwana da kwanaki. Ba mu kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon ƙasan baya da miliyan 619 a shekarar 2020.

Idan kuwa faifan ya tsage, cikinsa ya ɓullo ya danne jijiya, zogin yakan gangara ta ɗuwawu zuwa cinya, har tafin ƙafa, kamar jan lantarki. Faifai biyu na can ƙasa su suka fi yin haka.

Wani lokaci ma gadon bayan lafiyarsa ƙalau, saƙo ne daga ciki. Tsakuwar ƙoda, wadda zafin bazara da ƙarancin shan ruwa ke taimaka wa, takan murɗa gefe guda ta sauka mara, mai ita ya yi ta juyi, wataƙila da jini a fitsari. Zazzaɓi da zafin fitsari na nuni da ƙwayar cuta a ƙoda, nan kuwa yawan haɗiyar diclofenac na kemis ƙara wa ƙodar wahala yake yi. Mai sikila ma ya san nasa ciwon bayan. Wani lokaci kuma ƙashin ne da kansa: tsohuwar da ƙashinta ya zaizaye, atishawa ma tana iya tsaga shi.

Wanda ya fi ba likitoci tsoro shi ne ciwon da ya zo da mutuwar ƙafafu, ko rashin jin taɓi a matsematsi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida. Alama ce an matse jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma tiyatar da za ta cece su da sa'o'i ake lissafa ta.