Me ya sa kafen jiragen yaƙi masu nutso ya yi ƙaurin suna?

A rundunar ruwa ta Amurka da ta Faransa, an san cewa sojojin da ke aiki a jirgi mai nutso ƙarƙashin teku sun fi sauran abokan aikinsu cin abinci mai kyau. Gwamnati na sane da wahalarsu, shi ya sa ba ta yi musu rowa. Jiragen Faransa ma har burodi ake gasawa cikinsu. Amma da an zo maganar kafe, sai fuska ta yamutse. Baƙi ne ƙirin, ga ɗaci, ga ƙauri, kuma duk da haka ana shan sa dare da rana.

Matsalar ta fara daga ruwa. Jirgi irin Le Triomphant na Faransa, wanda ke tashi daga sansanin Il Long kusa da Brest, yakan yi kimanin kwana 70 a nutse da mutum wajen 110. Ba tankin da zai ɗauki ruwan da zai ishe su. Don haka ruwan teku ake jawowa, a tafasa shi a tara tururin, ko a matse shi ta matata mai ƙananan ƙofofi har gishirin ya fita. Ruwan yakan fito da tsabta, sai dai lami ne, domin sinadaran da ke ba ruwan rijiya ɗanɗano sun tafi tare da gishirin. Kafe kuwa kusan dukkansa ruwa ne.

Sai kuma iska, wadda ita ce babbar mai laifi. Jirgin a rufe yake ruf, ba taga, ba ƙofar da za a buɗe. Da lantarki ake raba ruwa a samu iskar shaƙa. Gurɓatacciyar iskar da mutane ke fitarwa kuma, wata na'ura ce ke tsotse ta da wani sinadari da ake kira amin. Wannan sinadari yana da wari mai kama da na kifi, yana shiga tufafi da gashi da katifa. A haɗa shi da warin mai, da na girki, da na mutum ɗari da ke kwana wuri guda. Iyalan sojojin sukan gane warin tun daga jakar da maigida ya shigo da ita. Duk wanda mura ta taɓa toshe wa hanci ya san abinci ba ya daɗi in ba a jin ƙamshinsa. Hancin da ya yi sati shida cikin amin, ina zai ji ƙamshin kafe?

Garin kafen ma tun kafin tashi aka loda shi a gwangwani. Madara sabuwa da kayan lambu sukan ƙare cikin sati biyu ko makamancin haka, daga nan sai ta gari.

Mai shayi a bakin tasha a Maraɗi ko Damagaram yana haɗa Nescafé ne a gaban mai saye, kofi ɗaya bayan ɗaya. A jirgin ba haka ba ne. Aiki ba ya tsayawa, ko da yaushe akwai waɗanda ke gadi, saboda haka babbar tukunya ce ke zaune kan wuta awa 24. Kafen da ya daɗe kan wuta ƙamshinsa yakan gudu, ruwan ya ƙafe, ɗacin ya ƙaru. Wanda ya karɓi aiki cikin tsakar dare, abin da ya tarar shi zai zuba.

To me ya hana su bari? Barci. Shekaru da yawa jiragen Amurka suna bin yini mai awa 18: awa 6 na gadi, awa 12 na gyara da karatu da hutu. Jikin mutum bai saba da haka ba, balle inda ba a ganin rana. Sai wajen 2014 aka koma tsarin awa 24. Mai sauraren motsin teku da kunne, ko mai lura da injin nukiliya, gyangyaɗinsa na iya jawo asarar jirgi da rayuka. A wurinsa kafe magani ne, ba a tambayar magani daɗi. Sauran abubuwan ɗebe kewa kuma an rufe su: tun 1914 sakataren rundunar ruwa Josephus Daniels ya hana barasa a jiragen Amurka, sannan a ƙarshen 2010 aka hana shan taba cikin masu nutso.

Akwai kuma laifin da sojojin suka jawo wa kansu da hannunsu. Manyan kurata na rundunar Amurka suna da al'adar ƙin wanke kofinsu. Sai cikinsa ya yi baƙi kamar gindin tukunya, su ce ai wannan shi ke ƙara armashi, kuma shi ke nuna shekarun da mutum ya yi a teku. Sabon shiga da ya ga kofin shugabansa ya yi datti, ya ɗauka ya goge shi tas don neman yabo, faɗa zai sha, kuma za a daɗe ana ba da labarinsa a jirgin.