Yi wa Manhaja Aure: Zanen Aiki a Masana'antun Kano

Duk ɗalibin kimiyyar halittu ya san zanen nan mai kibiyoyi da ke nuna yadda jini ke barin zuciya zuwa huhu, ya komo. Masana'antu ma suna da irinsa, wato zanen matakan aiki, wanda Frank da Lillian Gilbreth suka gabatar wa injiniyoyin Amurka a 1921.

Mu ɗauki misalin masana'antar jima, irin waɗanda ke Challawa da Sharaɗa. Akan jiƙa fata, a tuje gashinta, a jeme ta da gishirin kuromiyam, sannan a rina ta, a busar. Kowane mataki akwati guda ne a zanen, kibiya kuma tana nuna inda fata da ruwan wanki suka nufa. A yau da kwamfuta ake yin wannan zane, da manhaja irin su Visio, wadda ta fito a 1992, kamfanin Microsoft ya saye ta a 2000.

Sai dai zane shi kaɗai kurma ne: yana nuna yadda aiki ya kamata ya tafi, ba ya faɗin abin da ya auku jiya. Maganin wannan shi ne ƙaramar manhaja ta ƙari da ake jona wa babbar. Kamar auren mangwaro ne: saiwa da gindi na nan yadda suke, amma reshen da aka ɗaura ya kawo sababbin 'ya'ya. Visio kanta, tun daga fitowar 2007, tana iya haɗa kowane akwati da jadawalin Excel.

To, mene ne amfanin haka? Idan ma'aikaci ya rubuta yawan kuromiyam da ke cikin ruwan da aka zubar, kuma adadin ya wuce ƙa'ida, sai akwatin jima ya rikiɗe ja. Nan take manaja zai ga inda ɓarakar take, tun ruwan bai kai Kogin Challawa ba, inda masunta da manoman rani suke neman abinci. Haka kuma masana'antar roba a Dakata ko Bompai za ta iya gano injin da ke yawan ɓata kaya.

Amma fa a kula: idan awon ƙarya aka shigar, zanen ƙarya zai nuna. Saboda haka, malamai su sa ɗalibai su fara zana matakan wani aiki a takarda, kamar yin ƙuli-ƙuli, su nuna inda ya kamata a yi awo. Wanda ya iya wannan, kwamfuta ba za ta gagare shi ba.