Yadda Za Ka Sa Wa Wayarka Linzami

 Ɗalibai suna yawan tambaya: Malam, mutum ya ɗauki waya don duba saƙo ɗaya, kafin ya farga awa biyu sun tafi, ina mafita?

Sai mu fara sanin abin da muke fama da shi. Facebook da TikTok da Instagram ba sa karɓar ko dala daga hannunka, da talla suke samun kuɗi, kuma gwargwadon daɗewarka a ciki gwargwadon tallan da za su nuna maka. Sean Parker, shugaban kamfanin Facebook na farko, ya faɗa a bainar jama'a a 2017 cewa an gina shafin ne a kan yadda zai cinye lokacin mutum da hankalinsa. Akwai kuma Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro shafin nan da ba ya ƙarewa a 2006, daga baya ya nuna nadama. Littafi yana da ƙarshen babi inda za ka ajiye ka tashi. Shi wannan da gangan aka cire masa ƙarshen.

Hadisin Ibn Abbas da ke Bukhari a kan lafiya da sarari kowannenmu ya haddace shi. To a yi lissafi. Awa 3 kowace rana su ne awa 1,095 a shekara, wato fiye da kwana 45 dare da rana. Wanda ke cewa ba shi da lokacin karanta izu biyu, waɗanda za su sa ya sauke Alƙur'ani duk wata, ya dubi wannan adadi.

Ban ce a jefar da waya ba. 'Yan kasuwa da ita suke ciniki, da ita ake sada zumunci da na nesa, karatun malamai ma ta nan yake isa ƙauyuka. Iyaka ake nema.

Wayar kanta tana da ma'auni tun 2018. Mai Tecno ko Infinix ko Samsung ya shiga saitin waya ya nemi Digital Wellbeing, in da Faransanci wayar take zai ga Bien-être numérique. A iPhone sunansa Screen Time ko Temps d'écran. Zai nuna maka mintocin da ka ɓata a kowace manhaja. Ka duba na mako guda tukuna, sannan ka yanka wa wadda ta fi cin lokacinka minti 30 ko 40. In suka cika za ta rufe sai gobe. Amma fa wanda ya kulle yana iya buɗewa, saboda haka in wayarka tana karɓar lambar sirri a wannan wuri, bar mahaifinka ko amininka ya sa ta.

Sannan ka kashe ƙarar sanarwa, ka bar ta kira kawai. Rukunonin WhatsApp da ba na karatu ko sana'a ba, ka sa su shiru ko ka fita, ba yanke zumunci ba ne.

Dare ne babbar matsala. Kamfanoni suna sayar da data mai rahusa da tsakar dare, yaro ya kwana a kanta, Asuba ta wuce shi, a aji yana gyangyaɗi. Bayan Isha'i a ajiye waya nesa da shimfiɗa, a sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa. Ranar Juma'a kuwa, malamai sun yi bayanin wasa da tsakuwa lokacin huɗuba saboda hadisin da ke Sahihu Muslim. A ganina shafa fuskar waya ya fi tsakuwa ɗauke hankali, ko da mutum ya ce ɗaukar huɗubar yake yi.

Iyaye kada su dogara da kamfani. A 2023 TikTok ya sa iyakar minti 60 ga wanda bai kai shekara 18 ba, amma da shekarun da yaro ya rubuta da hannunsa yake aiki. Uba ya karɓi wayar ya duba ma'aunin nan tare da ɗansa duk mako, kuma ya yarda ɗan ya ga nasa.